Wasiyyar Malam Ding

Kunming, 3 ga Maris, 1994

Zuwa ga Maman Lan,

Assalamu alaikum. Yau wata goma sha huɗu cif rabona da Cangzhou. Ina fatan kina lafiya, ke da Lan da Inna. Yaya ƙafar Inna da sanyin bana? Ni lafiya lau, sai dai cikina har yau bai yarda da taliyar shinkafar mutanen kudun nan ba.

Kin tambaya ko zan dawo girbin alkama. Zan dawo in Allah ya so, don zaman nan ya ishe ni. Kin san Mu Jinrong ƙanina ne a koyon damben Sin a wajen marigayi Malam Ding, da shekara biyar na riga shi shiga. Bai cika shekara ba ya gaji da tsayuwa ya gudu, ya je ya kwaso tsalle-tsalle wurin 'yan wasan dandali. Yau ga shi da makaranta mai ɗalibai ɗari uku, ga hotonsa a ƙofa ya ɗaga ƙafa har kunne. Ni kuwa da na yi shekara uku a tsayuwar doki, ƙafafu a ware, gwiwa a lanƙwashe, kafin Malam ya bar ni na kai naushi ko ɗaya, ni aka ajiye a bayan makarantar tasa kusa da famfo ina koya wa sababbi tsayuwa. Mutum arba'in Jinrong ya ba ni. Na kunna tsinken turare na ce kada wanda ya miƙe sai ya cinye. Kafin mako ya zagayo rabi sun gudu ajin takobi.

Abin da ke cina shi ne dalilin da ya sa ya kira ni. Mutumin da bai zo jana'izar Malam ba, me ya sa ya aiko mini da tikitin jirgin ƙasa? Kullum "Yaya, ƙara naman rago." Sai ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce, "Yaya, ranar da Malam zai cika kai kaɗai ne a ɗakin, ko?" Sau biyu ina atisaye da sassafe na ga labulen ofishinsa ya motsa. Ci da makwanci dai bai taɓa gaza mini ba, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba.

Ki gaishe da Inna.

Mijinki,
Sha Deming

Kunming, 19 ga Afrilu

Maman Lan,

Sallama da fatan alheri. Takardarki ta iso, na ji Lan ta warke, alhamdu lillahi.

Zargina ya tabbata. Jinrong ya fito fili ya ce in ba shi sirrin da Malam ya bar mini. Na gaya masa gaskiya: abin da Malam ya ce da ni na ƙarshe shi ne, "Deming, har yanzu ƙugunka yana sama, ƙara sauka." Ya yi dariya har da dukan tebur. "Haba Yaya! Shekara ashirin kana wanke masa ƙafa, gadon ke nan? Ni za ka yi wa wayon 'yan arewa?"

Washegari ya shigo ajina da manyan ɗalibansa, wai ni da shi mu gwada turin juna don yara su gani. Wani daga can bayansu ya ce ai tsohon yana zaman masai ne, a bar shi ya gama. Jinrong ya taho da gudunsa. Ban ɗaga hannu ba, na ƙara sauka ne kawai na juya kafaɗa, sai ga shi zaune cikin ruwan famfo. Wandonsa ya naɗe, na ga gwiwoyinsa biyu a ɗaure tamau da ƙyalle. Ban ji daɗin ganin haka ba, ko me ya yi mini.

Ko dalilin korata yake nema, ko so yake ya ji sirrin a jikinsa, ban sani ba. Kayana dai na ɗaure.

Naki,
Deming

Kunming, 22 ga Mayu

Maman Lan,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya Inna? Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Bai kore ni ba. Ranar Litinin da hantsi, a gaban makaranta kaf, ya zo da kofin shayi a hannu biyu ya durƙusa a gabana kan wannan gwiwar. Kin san abin da hakan ke nufi a wurinmu. In na sha, ya tashi daga ƙanina ya koma almajirina, ni kuma ba ni da ikon barinsa sai ƙafarsa ta kafu. Shekara uku ke nan.

Na daɗe ina kallon kofin. Na ce a raina sabuwar dabara ce, yana zaton in na sha zan raɗa masa abin da babu. Na ce, "Jinrong, babu komai a gindin kofin nan sai tsayuwa." Ya ce, "Na ji, Yaya. Sha mana, gwiwar nan ba ta ɗaukar dogon wa'azi." Shayin na zuba a yatsunsa, bai ajiye ba.

Na sha.

Ki yi haƙuri. Na san alkawari na yi miki, kuma na karya. Ki nemi yayanki ya taya ki girbi, in an sussuke ki ɗauko Lan da Inna ku taho, ya ba mu ɗaki biyu. Ban ce na yarda da shi ba. Wataƙila sai mun yi nisa ya gane babu wani sirri ya watsar da ni. Amma yau kwana shida yana zuwa ajina a bayan makarantar, yana kai sulusin tsinken turare a tsayuwar doki, yana zagina ƙasa-ƙasa, gumi har haɓa. Jiya na taka cinyarsa na ce ya ƙara sauka, ya sauka.

Kada ki sa rai da wani abin kirki daga wata goma sha shidan nan. Cikin arba'in da aka ba ni, ga waɗanda na tsira da su: mai kai wasiƙu ɗaya, 'yan'uwa mata biyu masu sayar da furanni, direban bas, da wani akawu mai asma. Biyar. Da mai makarantar, shida.

Mijinki,
Sha Deming