Na ce a tsallake gonaki, yanzu Kawuna ba ya amsa gaisuwata

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku yi magana, don ban zo neman "ka yi haƙuri" ba, na ji ta har na ƙoshi.

Ranar Asabar da ta wuce, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, munka zauna gindin dogon yaro bakin kanal ɗinmu nan ƙasar Goronyo. Akwai shugaban ƙungiyarmu ta manoman rani, akwai Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda shi ne bakin mutanen ƙarshen kanal, akwai malamin gona, sai ni sakatare da sauran membobi. Magana ɗaya ta tara mu. Mutanen ƙarshe sun ce ruwa ba ya kai musu, albasarsu na ƙonewa daidai lokacin da take yin kai, don haka a koma rabon kwana, yau na sama gobe na ƙasa. Mutanen sama, inda gonar shugaba take, sunka ce ruwa ya wadaci kowa, son barci ne ke hana wasu ban-ruwa kan lokaci.

Gonakin sun fi ƙarfin zagayen yini ɗaya, kuma ba mai barin aikinsa ya yi ta binmu. Sai anka tsaya kan a duba wasu, abin da anka gani a cikinsu shi ne hukuncin duka. Malamin gona ya ce shi ake kira ɗaukar samfur. Nan faɗa ya tashi, waɗanne gonaki za a duba?

Shugaba ya fara, ya ce a bi na bakin hanya inda mashin ke shiga, a huta. Kawu ya ce ai ko makaho ya san na bakin hanya su ke jingine da kanal, in haka ne a je gonar shugaba a sha shayi a dawo. Kawun ya ƙara da cewa a bar shi ya nuna gonakin da kansa. Shugaba ya ce ashe yawon ta'aziyya za mu, don matattu kaɗai zai kai mu. Malamin gona ya ce a rubuta kowace gona a 'yar takarda, a zuba cikin hula a ja. Dattawa sunka ce ba su sa abincin iyalinsu cikin caca, wani kuma ya ce in hular ta fiddo na sama zalla fa, mi za a yi?

Ni mutum ne mai son abu bi da bi, kowa ya san ni da haka. Na tashi na ce a bi layin kanal daga sama har ƙasa, a duba gona ɗaya, a tsallake wasu, a sake duba ɗaya, ba zaɓen kowa ciki. Ban faɗi nawa za a tsallake ba, ku riƙe wannan. Shugaba ne ya yi caraf ya ce shawara ta yi, a tsallake huɗu-huɗu, kuma a fara daga gona ta farko tunda Sakatare ba ya son a hargitsa masa layi. Jama'a sunka yi dariya, Kawu ma ya yarda, anka shafa fatiha kan cewa duk abin da ya fito kowa ya ɗauka.

Lahadi da safe munka bi layin, ni da malamin gona da mutum ɗaya daga kowane ɓangare. Na mutanen ƙarshe mai kifi ne, bana ya fara noma, bai san kan gonakin ba. Kusan duk gonar da munka tsaya fangali a jiƙe, lawashi a miƙe kore shar, har can ƙasa. Na dawo na faɗi abin da idona ya gani. Shugaba ya ce magana ta ƙare, ba rabon kwana.

Litinin Kawu ya tare ni gaban mutane, ya kama hannun rigata awa ɓarawon akuya, ya ja ni har gonarsa. Ƙasa ta tsage, lawashi ya kwanta ya yi ja. Gonar da munka duba tana nan kusa, ana hangen ta, tsanwa shar. Ya tambaye ni ko na manta yadda anka yanka gonakin nan, ko kuwa an biya ni in manta. Nan na tuna. Kowace ƙaramar ƙofar ruwa gona biyar take shayarwa a jere, ta bakin ƙofa ita ke fara sha, ta biyar sai abin da ya rage. Mun fara daga ta bakin ƙofa, mun tsallake huɗu, mun sake faɗawa ta bakin ƙofa, haka har ƙarshen kanal. Masu ƙoshi kaɗai munka gaida. Daidai da mai sayen albasa a kasuwar Goronyo ya duba bakin buhu ya ce ya san abin da ke gindi.

Kawu ya ce mini karen shugaba, ya ce bokon da anka sa ni bai tsinana komai ba sai ƙirga gonar maƙiya. Ya je ya gaya wa mahaifiyata na sai da danginta. Yanzu ko a masallaci na miƙa hannu sai ya gyara hula. Ni kuwa ban karɓi ko ƙwayar goro ba. Tsarin nawa ne, lambar ta shugaba ce, kuma shi yana nan lokacin da anka yanka gonakin. Na same shi na ce a sake dubawa, ya ce mini yaro, an shafa fatiha, ko kai ne za ka warware ta? Ya ce in na ƙara tada maganar akwai masu son kujerar sakatare. Ba kujera ce ta dame ni ba. Albasar mutanen ƙarshe ce, in ba a ba su kwanansu ba yanzu, bana ba su da komai.

Hanyoyin da ke gabana ga su. Malamin gona, da shi ma ya ciji yatsa, ya ce a kasa kanal uku, sama da tsakiya da ƙasa, a kowane kashi a ware na bakin ƙofa da na nesa da ita, sannan a ja ƙuri'a cikin kowane rukuni gwargwadon yawan gonakinsa, ta haka ba yadda hula za ta manta da wani ɓangare. Na ga gaskiyarsa, amma aikin da yawa, gonakin za su warwatsu, ga dattawa da zancen caca. Ni tawa dabarar, a ja ƙuri'ar ƙofofi ba gonaki ba, ƙofar da ta fito a duba gonakinta biyar duka, mai ƙoshi da mai ƙishi. Tafiya ta ragu. Malamin gona ya ce ta yi, sai dai in ƙofofin kaɗan ne, ƙofa guda da ta toshe na iya ɓata hukuncin kowa, kuma dole a ɗauko su daga kashi ukun nan. Ko kuma a bar tsarina, a canza lambar, a tsallake uku ko biyar don tsayawar ta riƙa zagaya jerin. Wagga ba ƙuri'a cikinta, amma wa zai ƙara yarda da lissafin da ya fito bakina? Kawu kuwa har yau yana kan bakansa, shi zai nuna. Wannan ban yarda ba ko da zai mutu bai gaishe ni ba, don irin ha'incin shugaba ne anka juya masa kai.

Asabar mai zuwa akwai zama, kuma zan tashi in yi magana ko sun so ko sun ƙi. Wanda bai taɓa riƙe fartanya ko aikin ƙididdiga ba, don Allah ya wuce. Masu sani, ku gaya mini wace hanya ɗaya zan ɗauka in aje gabansu, wadda shugaba ba zai iya murɗawa ba kuma Kawu ba zai ce an saye ni ba. Malamai kuma ku amsa mini biyu: jan ƙuri'a irin wanga caca ne, kuma fatihar da anka shafa kan ƙirgen da ya tsallake masu ƙishi, ta ɗaure ni in yi shiru albasarsu ta ƙone?