An Dasa Itace a Gonar da Ka Ba da Aro

Baba,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, Allah Ya haskaka makwancinka, Ya kai maka rahama. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma ni zan karanta maka, tunda ni ka kai lakol, makarantar boko, kai ba ka shiga ba. Amma magana ce ta tokare mini ƙirji. In na yi wa Inna sai ta hau kuka, in na yi ta a dandali sai a ce ba ni da kishin ƙasa. To kai ka jawo ta, kai za ka ji ta.

Gida lafiya. Matata Hajo ta haihu, namiji, an sa masa sunanka, Ma'azu. Inna ƙafar nan ta matsa mata, ta daina zuwa kasuwar Gangara sai dai ta ba da sautu. Rumbunka babba kuwa ya ƙare tun kafin bazara, da hatsin da Kawu ya aiko daga Gidan Sori muka kai shuka. Ka san ba a taɓa yin haka a gidanka ba. Kuma ba fari aka yi ba, Baba, biki aka yi.

Ka tuna shekarar da aka samu ƴancin kai? Maigari ya zo ƙofar gidanmu yana cigiyar inda za a kafa tuta, don kumandan mai mulkin yankin yana son wuri a bakin hanya. Bai ma rufe baki ba ka miƙe ka ce a ɗauki fakon nan na gonarka, inda gero ba ya yi, ka ba ƙasa aro. Na san dalilinka. Na san tabon kafaɗarka na duwatsun da ka ɗaukar wa Nasara a aikin tilas. Ranar da tutar nan ta hau sama, ruwan goro da fari da tsanwa, na ga hawaye na bin gemunka gaban mutane, ba ka ko share ba. Ban taɓa gaya maka ba, amma ran nan ji na yi duk garin ba mai uba kamar nawa. Har yau in aka ja igiyar tutar tsigar jikina tashi take, kuma wannan shi ya fi ƙona mini rai.

Kana raye, kowace damina sai mutanen Maigari sun zo sun gaishe ka kafin su share wurin. Kana kwanta dama gaisuwa ta ƙare. Aka kafa rumfar baƙi, ta wuce fakon. Aka ce yaran lakol na son wurin tsere, aka tumɓuke gambar da ka shuka a iyaka. Na yi shiru don maganarka ce, ban so a ce ɗa ya tashi abin da uba ya shimfiɗa.

Sai bara. Aka aiko cewa babban baƙo zai zo daga Maraɗi, ana son wurin fareti da wurin ajiye motoci. Ka san lokacin da bikin ƴancin kan nan ke faɗowa, tsakiyar damina. Gero ya yi ciki, ya kai mini kafaɗa, ban taɓa ganin gonar ta yi kyau haka ba. Aka tara samarin gari da adduna, jandarma na zaune a inuwa yana kallo. Ƴaƴan maƙwabtanmu ne, Baba, waɗanda suka sha fura a zaurenka. Suna sara suna kau da kai, ba wanda ya iya haɗa ido da ni. Fiye da rabin gonar suka kwantar. Inna ta bi bayansu da ɗingishi tana tattara ɗanyen kara don awaki, tana cewa kada ya tafi a banza.

Ranar bikin baƙo ya tsaya a kan kututturan geronka da takalminsa mai ƙyalli, ya yi dogon jawabi da Faransanci. Tafinta ya ce wai da noma ƙasa za ta ci gaba, wai kowane ɗan ƙasa na gari ya cika rumbunsa. Da me zan cika shi? Da tafi? Aka ce mu tafa, muka tafa.

Duk wannan da na haɗiye, hatsi ne, wata damina na iya mayar da shi. Amma da ya gama sai aka miƙa masa ɗan itacen dogon yaro, aka haƙa masa rami a tsakiyar gonarka, ya dasa da hannunsa, aka yi guɗa. Baba, wa ya koya mini cewa mai aron gona yana shuka yana girbi, amma ba ya dasa itace? Ba kai ba ne? Ba kai ka ce duk wanda ya dasa itace a ƙasa ya ce tasa ce? Ko yaro a garin nan ya san haka. Dattawan da ke rumfa duk suka sunkuyar da kai. A ce baƙo bai sani ba, ko da yake shi ma ɗan manomi ne. Maigari fa, abokinka, wanda ka ba aron a gabansa? Kuma mai aro na gaskiya yakan kai wa mai gona ko dami ɗaya bayan girbi, don a san ta wane ce. Ƙasa ba ta taɓa kawo mana ko zangarniya ba. Tun daga ran nan ba mai cewa gonar Ma'azu, sai filin tuta.

Na je wurin Maigari, ya ce in yi haƙuri, ƙasa ta kowa ce. Na tambaye shi me ya sa ba a fara da tasa gonar ba, tunda ita ma a bakin hanya take. Ya ce ba ni da kunya.

Ban ce ba a yi komai ba. Ba a kama mutane da igiya yanzu, lakol ta zo kusa, motoci na shigowa ɗaukar gyaɗa. Na gani, ban makance ba. Amma ka gaya mini, wannan ne ƴancin da ka yi wa kuka? Nasara ya ci kafaɗarka ya bar maka gonarka, namu kuma su ci gonar su ce in yi murna? Kuma kai ma ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba. Ka ba da abu da baki, da zuciya ɗaya, ka tafi ka bar ni da mutanen da ba sa tuna baki.

Ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Itacen baƙo ya mutu. Wallahi ban taɓa shi ba. Aka kewaye shi da ƙaya aka watse, rani ya zo ba mai ba shi ruwa, abin da ya saura akuyar Maigari ta ƙarasa. Yanzu biki ya matso, sai ga Maigari a ƙofar gida yana gumi, wai in nemo wani dogon yaron in soka a ramin a ɓoye, kada baƙo ya dawo ya tarar da wayam. Na ce masa zan dasa, amma ba a ɓoye ba.

Bayan la'asar na kira Liman da dattawa. Na ɗauko ƴar tsamiyar da Inna ta raina a fasasshen tulu, ƙwallon tsamiyarka ta tsakar gida. Na sa ta a ramin da hannuna, na faɗa da ƙarfi kowa ya ji cewa ni Sahabi ɗan Ma'azu na dasa itace a gonar ubana. Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a, dattawa suka shafa. Maigari bai tsaya fatiha ba.

Na mayar da gamba a iyakarta. Geron bana har bakin fako na shuka shi, yanzu haka ya yi ciki. Inna ta ce jandarma zai tafi da ni, kuma mai yiwuwa gaskiyarta. Ina jin tsoro, Baba, amma fushina ya fi tsoron yawa. Ranar bikin zan sa rigarka, in aka ja tuta in miƙe tsaye yadda ka koya mini. Fakon da ka ba da na bar musu, ban tauye maganarka ba. Sauran kuwa, duk wanda ya zo da adda zai tarar da ni a cikin geron.

Ka huta lafiya. Allah Ya gafarta maka, Ya sada mu da alheri.

Ɗanka,
Sahabi, mai gonar bakin hanya