Na Ce wa Baba Bidiyon na Yaya Ne

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah ki ɓoye sunana, unguwarmu Maamobi ƙarama ce. Shawara nake nema, wallahi zuciyata ta yi nauyi.

Babana wanzami ne, rabin mazan unguwarmu shi ya yi musu askin suna. Shekara uku ke nan hannunsa na rawa, ko kofin shayi sai ya riƙe da hannu biyu. Wata Juma'a ya kira ni ɗaki, ya ce in rufe ƙofa, ya miƙo mini askarsa, shi ya koya mini yadda ake riƙewa. Tun ranar ni nake masa aski, ya sa hularsa ya tafi masallaci, kowa na ganin shi yake yi da kansa. Abu ɗaya ya roƙe ni, ya ce kada maganar ta fita daga ɗakin nan.

To daga nan ne tunani ya zo mini, tsofaffi nawa ne a lungunanmu suke ɓoye irin wannan? Muka haɗu mu mata shida, kullum da safe muna zagayawa gida gida, mu yanke musu farce, mu yi wa mata kitso, mu duba ko sun sha magani, mu ɗan zauna hira. Mai zuwa asibiti kuwa goyo muke yi har bakin titi, don kun san taksi ba ta shiga lungu. Akwai wata tsohuwa Mma Zenabu, ranar da na goya ta santsi ya ɗebe mu a bakin gwata ni da ita, kuka muka yi tare.

Sai wata ƙungiya ta ce za ta karrama masu taimakon tsofaffi, kyautar kekunan tura marasa lafiya ce, amma a turo bidiyon yadda aikin ya samo asali. Ƙawata Ramatu ta ce labarin askin nan shi zai ci. Na san Baba ba zai yarda ba kraa, ko kusa, sai na ce masa Yaya da ke Kumasi ne yake son ganinsa, na ɗauke shi a waya ina masa askin. Bawan Allah har gyara zama ya yi, yana murmushi, hannun na ta rawa a cinyarsa, yana cewa "Mutari, ka ga ƙanwarka ta gaje ni." Ni na yi wannan ƙaryar, ba Ramatu ba.

Mun ci. Suka sa bidiyon a shafinsu, kafin kwana biyu ya shiga duk wayoyin unguwarmu har da maƙwabtanmu na Nima. A ƙofar masallaci abokinsa ya tare shi yana dariya, wai sarkin aska ashe mace ke maka aski. Wasa yake yi, na sani, amma Baba ko sallar bai tsaya ba.

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa kawai ya yi in ba shi askarsa. Na durƙusa ina ba shi haƙuri, ya ce abin da ya fi masa ciwo ba dariyar ba ce, murmushin da ya yi wa ɗansa ne ya zama abin kallon gari.

Na kira masu kyautar, matar da ta ɗauka ta yi mini magana da mutunci, amma ta ce bidiyon shi ne aka zaɓa, za a haska shi a taron ranar Asabar a unguwar Kanda, har suna so Baba ya zo a tafa masa. In na janye, kekunan na waɗanda suka zo na biyu ne. Sauran matan sun ce ai kowa ya riga ya gani, me ya rage? Mma Zenabu kuma kullum sai ta tambaye ni yaushe motarta za ta iso, keken take nufi.

Juma'ar da ta wuce ya kulle ɗaki shi kaɗai. Da ya fito na ga jini ya ɓullo ta farar hularsa, wuri uku. Ya wuce ni kamar bai gan ni ba.

Don Allah ku ba ni shawara, in janye in ci gaba da goyon tsofaffin mutane, ko in bari a haska ubana a bango? Kuma in da wanda ya san abin da zan faɗa masa ya buɗe mini ƙofa ya taimake ni, gobe Juma'a ce, kuma askar na wurinsa.