Ranar Kitson Yaya Kulu

Assalamu alaikum Inna, ke da maƙwabtanki da ke kwance a maƙabartar Gulma. Ɗiyarki Dije ce ke gaishe ki daga unguwar Badariya, gaisuwar ban girma, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa. Bayan haka, maganar kan Yaya Kulu ce ta kawo ni. Likita ya ce sai an aske mata kai, ni kuwa na rasa wanda zan kai wa kukana in ba ke ba.

Ba ki san halin da take ciki ba. Bayan rasuwarki ɓarin jikinta ya shanye, muka ɗauko ta daga Argungu ta dawo wurina. Daga baya mantuwa ta shigo. 'Ya'yan cikinta ma sai ta bi su da kallo kamar baƙi, ni kuwa ko sunana ba ta riƙe ba. Abinci tana karɓa a hannuna, wanka ma ta yarda. Amma kai? Ko ɗankwalinta na taɓa sai ta ƙwalla ihu, wai ba mai taɓa mata kai sai Inna.

Kin dai tuna Alhamis a gidanmu. Ki shimfiɗa tabarma gindin darbejiya, ki ajiye kibiyar tsaga da ƙoƙon man shanu, Yaya Kulu ta zauna tsakanin ƙafafunki. Gashinta har gadon baya, ga cika, sai ki wuni a kansa. Ni ina gefe da ɗan guntun nawa, ina jira ina kumbure-kumbure. Kafin a zo kaina rana ta yi ja, hannunki ya gaji, ki yarfa min kalaba ki ce, "Tashi, naki ba shi da wuya." Wallahi har yau in na tuna haushi nake ji, Inna.

Da na zama budurwa na je aka shafa min man miƙar da gashi don in kamo ta. Ya ƙone ni tas, kika yi ta dariya kina min faɗa. Ita kuwa ranar aurenta kika yi mata shukun da matan unguwa suka riƙa shigowa kallo.

Haihuwa ta fara cin gaban goshinta, furfura ta biyo baya. Ta koma tana ɓoye ta da lalle, kanta ya yi ja kamar goro. Duk da haka in ta zo gida sai ta nace a ja mata kitson ya ɗaure tamau. Kika ce, "Kulu, gashi ma tsuhwa shikai, a bar jan shi." Daga nan kika mayar da ita kalaba sakwa-sakwa da man kaɗe, tana ƙunƙuni kina yi.

To, kitson da ke kanta tun na damina ne, kafin ta fara hana taɓawa. Ya cukurkuɗe ya zama dunƙule guda, kamar tsohon soso. Na jiƙa karkashi yadda kike yi don ya warware, ta ture ƙwaryar. Na kira mai kitson layinmu, Yaya Kulu ta cije ta a hannu. Ƙuraje suka fito a ƙarƙashi suna ruwa, ga wari, ga zazzaɓi. Likita ya ce magani ba zai kai fata ba sai an cire gashin. Aski, Inna! Mace mai jikoki, kuma Yaya Kulu!

Na yi ta jan ƙafa, kullum in ce gobe. Jikinta dai sai ƙara zafi yake.

Yau Alhamis. Da hantsi na buɗe akwatinki na ɗauko baƙin zanenki na saƙi na ɗaura. Na shafa man shanu a hannuwana don ƙamshinsa kawai, na shimfiɗa tabarma, na tura almakashi ƙarƙashin cinyata. Sai na gyara murya na yi kiran da kike yi: "Kulu, taho a yi miki kai, rana na yi."

Inna, da kanta ta jawo jiki. Ta zauna tsakanin ƙafafuna, ta kwantar da kai kan gwiwata, ta zame ɗankwalin da hannunta mai lafiya. Ta ce, "Shuku za a yi?" Na ce, "Awo."

Kaɗan-kaɗan na riƙa yanka, ina dannawa da yatsa kamar mai tsaga, don kar ta gane. Gashin da na yi ƙuruciyata ina hassadarsa, ga shi yana zubowa kan zanenki, ya bushe, ba nauyi. Hawaye na hana ni gani, ba damar in ja majina kar ta ji. Na wanke ƙurajen, na shafa magani, na ɗaura mata ɗankwali.

Sai ta ɗago ta ce, "Inna, yau kin yi sauri. Kira Dije a yi mata nata tun da sauran rana, kullum ita ka jira."

Ashe ta sani, Inna. Ashe tana ganina.

Na binne gashin bayan ɗaki, yadda kike yi da wanda ya kama mataji. Yanzu tana barci. In ta tashi za ta kai hannu ta shafa shukunta, ban san me zan ce mata ba. Ban kuma san ko a matsayin wa zan je mata ba, ke ko ni.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya ba Yaya Kulu sauƙi, Ya yafe min ƙaryar da na yi mata da muryarki. Ya haɗa mu a inuwar da ba a gajiya, ki yi mata nata tukuna. Zan jira.

Ɗiyarki mai ɗan guntun gashi,
Dije.