Koren Bangon Ɗakin Maigida

Litinin, 3 ga Maris
Lemun tsamin Maigida ya sake zubar da ganye. Shi ya shuka ƙwallon a gwangwanin madara kafin ciwon ya kwantar da shi, yana cewa jikoki za su sha. Shi ya tafi, lemon ya tsiro. Tun da aka ta da benen maƙwabta rana ta daina leƙo ɗakin ɗinkinsa, ni kuma ba ni da fili a waje. Idan ya bushe ban san me zan ce wa kaina ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Auta ta kawo fitilar shuka, irin mai maye gurbin hasken rana, ta rataya. Wai fitila kaɗai ba ta isa ba, koren bangon yana shanye hasken, sai an shafe shi da fari. Na ce, "Ɗakin Babanku za ki shafe? Fara shafe bakinki tukuna."

Da hannunsa ya yi fentin nan shekarar da muka shigo gidan, ya ɓata wandonsa na fita, ya ce sabon yayi ne. Ga kuma tabon man kansa, daidai inda yake jingina yana jin rediyo idan ya gaji da taka keke. Irin mitar da na yi masa a kan tabon nan! Yanzu shi nake fara kallo in na shiga.

Asabar, 8 ga Maris
Na je wurin mai fenti, tambaya kawai. Ya ce, "Mama, fari marar ƙyalli, shi ke raba haske ko'ina. Mai walƙiya tara shi yake wuri guda." Na ce to. Wa ya taɓa kushe kayansa?

Lahadi, 9 ga Maris
Dabara ta faɗo min. Na jawo dogon madubin da masu kawo ɗinki suke duba kansu, na jingine shi bayan lemon, na kafa takardar alminiyam ta kicin a gefe da fil, ba tare da ta taɓa tabon ba. Ɗaki ya yi wal. Sai na ji ni injiniya.

Juma'a, 14 ga Maris
Garin neman ƙiba na samo rama. Ganyen da ke fuskantar madubin sun ƙone, kamar an ɗora musu dutsen guga. Na ƙasa kuma suna nan rawaya.

Auta ta zo ta duba ƙonannun ganyen ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta kai ƙofa ta ce, "Umma, da Baba yana nan, bangon zai zaɓa ko lemon?" Na san amsar. Mutumin da yake sa almakashi a sabon yadi ko ƙifta ido ba ya yi. Ni ce mai ajiye tsumma.

Talata, 18 ga Maris
Na buɗe gwangwanin farin fentin da na sayo jiya. Na rufe.

Alhamis, 20 ga Maris
Mun shafe. Auta ta yi sauran bangon, ta bar min gefen tabon, ta fita wai za ta sayo sabulu. Na ɗora tafin hannuna a wurin, na daɗe. Na yi kuka, wa zan ɓoye wa a nan? Na shafa, man ya ɓullo, na sake shafawa ya sake ɓullowa. Taurin kai har a bango. Ina kuka ina dariya har ya haƙura.

Laraba, 9 ga Afrilu
Sabon toho a can ƙasan reshe, inda haske bai taɓa kaiwa ba. Na murza ganye ɗaya, ƙanshin ya bi ni har kicin. Ɗakin ya fi da faɗi, ban dai faɗa wa kowa ba.

Auta ta kira, tana neman tabaraunta. Na ce, "Yana ɗakin lemo." Sai da na ajiye wayar na ji abin da na faɗa. Ban kira na gyara ba.