Minti Shida na Tsohon Mai Juya Layi

Zuwa ga jikata, amaryata,

Gaisuwa mai yawa. Tela ke rubutawa, ni ke faɗa.

Shekara goma sha tara ina kai kuka ofishinku na jirgin ƙasa, ko tari ba a yi mini ba. Babban jirgi yana tashi minti shida kafin ƙaramin ya iso mahaɗa. Mutane su sauko su tarar da hayaƙi, su wuni kan benci. Yanzu abin ya shigo gida: duk Talata kakarki ke zuwa wankin ƙoda. An ce kin samu na'ura mai tsara lokutan jirage. Ni da na shekara talatin ina juya wa jirage layi a mahaɗa, me ta sani?

Mijinki na farko.

*

Tsoho mai rigima,

Ina gaishe ka, ya jikin Kaka? Na'urar tana gwada tsari dubbai kafin shayi ya huce. Na ba ta kukanka, ta ƙi. Idan babban ya jira, zai tare wa jirgin kaya hanya, layin ɗaya ne. Ta ce babu sarari. Ka huta lafiya.

Jikarka.

*

Amarya,

Sannu da aiki. Babu sarari? Ki tambaye ta me jirgin kaya ke yi minti goma a tsohon famfo. A da, injin gawayi ne ke shan ruwa a wurin. An tumɓuke famfon tun ba a haife ki ba, aka manta tsayuwar a takarda. Direba sauka yake ya miƙe ƙafa! Allah ya yi miki albarka.

*

Ranka ya daɗe,

Na cire tsayuwar. Nan take ta sake jera jirage arba'in, ba wanda ya taka wani. Cikin minti goman nan, shida naka, huɗu ta ajiye don ranar latti. Ka gaida Kaka.

*

Amaryata,

Talata kakarki ta sauko ta tarar da babban jirgi tsaye, har ta samu gyara mayafi. Likita ya gan ta da hantsi. Na sara wa na'urar nan. Abin da aka faɗa mata sau ɗaya ta ji, ba ta ce wane ne kai ba. Ke kuma kin cika 'ya.

Saura shugabanki. Wasiƙa goma sha tara yake riƙe da su. Ki ce ya amsa ko ɗaya, da hatimi. Tela na nan zai karanta mini.