Keken Baffa

Gwiwa

Zuwa ga ƙanina Sharfuddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Bahijja da ɗanku. Ya sanyin Kanada?

Littafinka na farko ya iso, Allah ya sanya albarka. Na karanta, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. Ka canza sunaye, amma kowa a Gwiwa ya san Baffanmu ne mai keken nan, kai ne yaron da yake goyawa zuwa Kazaure duk mako. Ni ɗan fari, da kunya ta hana shi kiran sunana, sai dai ya ce “wancan”, ko inuwata babu a ciki. Ka tsallake ka tafi, ni nake kai shi asibiti, ni nake yanke masa farce, amma duniya kai ta sani a matsayin ɗansa. Yanzu kuma ka ce in karanta masa tunda idonsa ya yi rauni? Nemi wani.

Yayanka,
Ukasha

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Baffa da Inno da kai. Muna lafiya, aikin ne dai ba sauƙi, mutum ya koma ɗan koyo da furfurarsa.

Yaya, ni ya kamata in yi kishi, kuma na daɗe ina yi. Ka tuna a littafin, wurin da uban yake jingine keke a bayan wata katanga? Katangar makarantarku ce ta kwana. Ba kasuwa muke zuwa ba kamar yadda na rubuta. Kai yake zuwa leƙe, ni kuma hujja ce kawai, don kada a ce ya je ganin ɗan fari. In ya hango ka fito, sai ya sayo mini rake. In bai gan ka ba, har gida ba ya ce mini uffan. Ya hana ni faɗa, shi ya sa ban rubuta ba.

Da aka miƙo mini ɗana na fari, na rasa ko in kira sunansa ko in kau da kai kamar Baffa. Abin da ya sa ni rubutun ke nan. Don Allah ka karanta masa.

Ƙaninka,
Sharfuddeen

*

Sharfuddeen,

Salamu alaikum. Kada ka ɗauka na huce, ko hujja ce dai kai ka hau keken.

Na karanta masa jiya bayan la'asar. Da muka zo wurin katangar sai ya tsayar da ni, ya ce, “Yaron nan ya manta. Gindin tsamiya ne, daga nan aka fi hango ajin.”

Na tambaye shi ajin wa. Sai ya juya ya fuskanci bango, ya ce in miƙo masa buta.

Ka gaida Bahijja. Allah ya raya yaron.

Ukasha